Muhawara: wane irin shafin intanet ya dace da ɗakin karatun lise a Tawa?

Malamar ɗakin karatu, Tawa:
Assalamu alaikum malamai da iyaye da tsofaffin ɗalibai. Kwamitin COGES, mai kula da tafiyar da makarantarmu, ya amince a buɗe wa ɗakin karatu shafi a intanet kafin a koma lakwal a watan Oktoba, kuma ni aka ɗora wa alhakin kawo tsarin abin da za a zuba a ciki. Na duba shafukan makarantu da dama na ƙasashen waje, na tarar yawancinsu suna farawa da babban hoton ginin makaranta, sai jawabin darakta, sai hotunan biki masu juyawa da kansu, wanda kuma ya zo neman littafi sai ya sha wuya kafin ya ga inda zai latsa. Tambayata ita ce, yaron turwaziyam da ke shirin BEPC, ko yarinyar tarminal da ke shirin BAC, mene ne zai sa su buɗe shafinmu karo na biyu bayan sun gan shi sau ɗaya? Ina neman shawararku.

Ɗan Adar a Yamai, mai aikin kwamfuta:
Wa alaikumus salam Malama. Kafin a yi maganar abin da za a sa, a fara sanin na'urar da za a buɗe shafin da ita. Yawancin ɗalibanku ba a kwamfuta za su gan shi ba, a ƙaramar wayar Android ta mahaifiya ko ta yaya za su gan shi, da dare, da ɗan forfe na kwana ɗaya wanda aka saya don wata buƙata dabam. Hoto guda da aka ɗauka da waya yakan kai mega uku zuwa huɗu, saboda haka shafin farko mai ɗauke da irin waɗannan hotuna goma zai cinye mega talatin ko fiye tun kafin yaro ya karanta layi ɗaya, kuma mai wayar ba zai sake ba shi aro ba. Ana iya rage kowane hoto ya koma ƙasa da kilo 100 ba tare da ido ya ga bambanci a fuskar waya ba. Shawarata shafin farko ya zama rubutu zalla, baƙi a kan fari, da manyan haruffa, da ƙofofi uku kawai: neman littafi, tsofaffin jarrabawa, sai ranaku da lokutan buɗe ɗakin karatu. Kada a ce sai yaro ya buɗe asusu ko ya sa kalmar sirri kafin ya shiga. Idan an gama, a gwada shi da mafi arhar wayar da aka samu, da layin Airtel da na Moov da na Zamani da na Niger Telecom, a cikin gari kamar Bilbis ko Sabon Gari, sannan a ba wani ɗalibi ya tafi da shi ƙauyensu ranar hutu ya ga ko zai buɗe inda rezo yake da rauni.

Baba Darakta mai ritaya, Tawa:
Ƴata Malama, Allah ya yi miki albarka, amma bari in faɗi abin da ba za a so ji ba. A shekarun da na yi ina riƙe da makarantu na ga kayan zamani sun shigo da tafi da guɗa, an yanka kirtani, bayan shekara guda ƙura ta rufe su, domin wanda ya san sirrinsu an yi masa canjin wurin aiki. Gina shafi aikin mako biyu ne, ciyar da shi kuwa aikin kowane mako ne har abada. Shafin da ba a sabunta shi kamar rumfar kasuwa ce da mai ita ya tafi cin rani: wanda ya zo sau biyu ya tarar da ita a rufe ba zai zo na uku ba. Wa zai riƙe kalmar sirri? Wa zai biya kuɗin sunan shafin kowace shekara, tunda haya ce ba saye ba, kuma ranar da aka manta shafin zai ɓace? Sannan ina tambaya, littattafan da za a yi talla a kansu, an san adadinsu da inda kowane yake a kan kanta? Idan ba a sani ba, a fara da wannan, a bar intanet tukuna.

Malamar ɗakin karatu, Tawa:
Baba, na gode, kuma tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi damuna. Abin da muke da shi babban rajista ne na hannu, an rubuta littattafai bisa ranar da suka shigo, ba bisa fanni ko sunan marubuci ba, ga wasu da aka ara tun da daɗewa ba su dawo ba amma sunansu yana nan. Sai dai ban ga wannan a matsayin dalilin fasa shafin ba, na gan shi a matsayin aikin farko na shafin. Tambayar da ɗalibai suka fi yi mini a bakin ƙofa ita ce ko muna da littafi kaza, kuma ko wani ya riga ya ɗauka. Yaron da ke zuwa a ƙafa daga bayan gari cikin zafin watan Afrilu ya cancanci sanin amsar tun yana gida.

Ɗan Adar a Yamai, mai aikin kwamfuta:
Baba yana da gaskiya a kan riƙon amana, kuma akwai maganinsa. A yi rajistar sunan shafin da adireshin imel na makaranta, kada a yi da na wani mutum, ni kaina har da ni. A rubuta kalmomin sirri a takarda biyu, ɗaya a ofishin darakta, ɗaya wurin shugaban COGES, a kuma sa kuɗin sabuntawa cikin kasafin kwamitin na shekara kamar yadda ake sa kuɗin alli. Idan kuɗin ya gagara, Google Sites da WordPress duka suna ba da shafi kyauta, sai dai adireshin ya fi tsawo, kuma ana rage wannan matsala da lambar QR da za a manna a ƙofar kowane aji. Wanda yake son adireshi na ƙasa, namu yana ƙarewa da .ne, na Najeriya kuma da .ng, a kula kada a rikita su wajen bugawa.

Game da jerin littattafai, akwai manhajoji biyu na kyauta da aka san su. PMB an fara ta a Faransa a 2002 kuma ɗakunan karatun makarantu masu amfani da Faransanci da yawa da ita suke aiki. Koha kuma a Niyuzilan aka soma amfani da ita a 2000, ta fi ƙarfi, ta kuma fi wuyar girkawa. Dukansu biyu suna nuna wa mai nema ko littafi yana kan kanta ko yana hannun wani, amma dukansu suna buƙatar kwamfutar da za ta zauna a kunne da mutumin da zai riƙa ajiye kwafin bayanai. Ban ba Malama shawarar ta fara da su ba. Ta fara da tebur mai sauƙi a Excel ko Google Sheets: sunan littafi, marubuci, fanni, ajin da ya dace da shi, harshe, yawan kwafi, lambar kanta, da lambar ISBN idan akwai, wato lambar nan mai alƙaluma 13 da ke bayan littattafan da aka buga daga 2007, tsofaffi kuma 10. Wajen fanni a bi manyan rukunan Dewey kawai, wato tsarin jera littattafai da lamba bisa fanni, 500 kimiyya da lissafi, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa, ba sai an shiga ƙananan rassa ba. Ranar da makarantar ta shirya komawa PMB, wannan teburin ne za a kwashe a zuba, aikin ba zai tafi a banza ba.

Mushen lissafi, Yamai:
Ina ganin kun tsaya kan littattafai alhali abin da zai jawo yara shi ne ƙofa ta biyu. Daga watan Maris zuwa lokacin jarrabawa babu abin da ɗalibi yake nema kamar tsofaffin tambayoyin BEPC da BAC, kuma yanzu yana samunsu ne a zaurukan WhatsApp, an ɗauke su a karkace, rabin shafi a cikin inuwa, ba shekara, ba a san ko na Nijar ne ko na wata ƙasa mai manhaja dabam ba. Mafi muni shi ne amsoshin da ke yawo tare da su, domin wasu kuskure ne tsagwaronsa, yaro ya haddace su ya shiga da su ɗakin jarrabawa. Idan shafin makaranta ya zama wurin da aka tabbata cewa takardar daidai take, kuma wani malamin fannin ya duba amsar ya sa hannu, to an gama maganar jawo hankali. A jera su ta hanyar da yaro yake tunani: jarrabawa, sai sashe, A ko C ko D, sai fanni, sai shekara. A kuma ba kowane fayil cikakken suna, misali BAC D lissafi da shekararsa da sunan makaranta, saboda fayil ɗin ba zai zauna a shafin ba, ɗaya zai sauke shi ya tura wa goma ta Xender ko Bluetooth, kuma haka muke so. A rubuta nauyin fayil kusa da sunansa don yaro ya san ko forfensa zai isa.

Malamin Faransanci, Tawa:
Na yarda da Mushe, illa abu guda. Kada a haɗa tambaya da amsa a fayil ɗaya, domin idon ɗalibi zai gudu zuwa amsa kafin alƙalaminsa ya motsa. A raba su, a kuma jinkirta sa amsar har sai an yi aikin a aji. Sannan tunda littattafan karatu ba sa isar yara, ina ganin a ɗauki hoton kowane shafi na littattafan da muke da kwafi ɗaya ko biyu, a zuba su a shafin kowa ya sauke.

Ɗalibar shari'a, Jami'ar Abdou Moumouni:
Malam, da girmamawa, wannan shawarar ta biyu za ta jefa makarantar cikin matsala. Littafin da marubucinsa ko kamfanin da ya buga shi ke da haƙƙin mallaka ba a sa shi a fili a intanet ba tare da izini a rubuce ba, ko da niyyar taimako ce, kuma muna da hukumar BNDA da ke kula da haƙƙin marubuta da mawaƙa. Littattafan da INDRAP, cibiyar gwamnati mai shirya littattafan makaranta, ta wallafa, hanya ita ce darakta ya rubuta takarda ya nemi izini ta hannun magabatansa. Abin da ba ya buƙatar izini yana da yawa. African Storybook, wanda wata cibiya ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa, da StoryWeaver na ƙasar Indiya, da Global Digital Library, duka suna da littattafan labarai ƙarƙashin lasisin Creative Commons, har da na Hausa, ana saukewa a buga a rarraba matuƙar an ambaci marubuci da mai zane. Ga ƴan siziyam da sankiyam akwai Vikidia, kundin sani na Faransanci da aka rubuta don yara masu shekara 8 zuwa 13. Ga ƴan tarminal A kuma Gallica, taskar babban ɗakin karatun Faransa, tana da tsofaffin littattafan adabi da falsafa waɗanda wa'adin haƙƙinsu ya ƙare. Amma kada a tara mahaɗai hamsin a shafi ɗaya. A zaɓi kaɗan, a rubuta jimla guda a ƙarƙashin kowane mai bayyana wane aji zai amfana da shi.

Hajiya ta kwamitin iyaye, Tawa:
Ni dai uwa ce, kuma wayata ce za a ara, don haka ku saurare ni. Ban yarda a sa hoton ƴata ko na ƴar wani a wurin da duk duniya za ta gani ba, ko da ta ci gasar karatu ne, sai an tambayi iyayenta. Ban yarda a buɗe wurin da kowa zai shigo ya rubuta abin da ya ga dama a ƙarƙashin aikin yara ba, mun san abin da ke faruwa a Facebook. Kuma Malama, don Allah kada a wallafa sunayen waɗanda suka riƙe littafi ba su mayar ba, a kira uban yaro ko uwarsa a faɗa musu, tozarci ba ya dawo da littafi. Abin da nake roƙo a ƙara shi ne murya. Iyaye mata da yawa a unguwarmu ba su yi lakwal ba, amma kowace tana sauraron saƙon murya. Idan sanarwar makaranta tana da ɗan saƙo na minti ɗaya da Hausa, za mu san ranar buɗe ɗakin karatu da ranar mayar da littafi. Mazajenmu da ke Abijan ko Libiya ma za su ji abin da ƴaƴansu ke ciki, kuma su ne masu turo kuɗin forfe ɗin.

Ɗalibar shari'a, Jami'ar Abdou Moumouni:
Hajiya, doka tana bayanki. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutum, akwai kuma hukumar HAPDP da ke sa ido a kai, kuma hoton yaro da sunansa da ajinsa duka bayanai ne na mutum. A raba takardar amincewar iyaye ta shafi ɗaya a farkon shekara, wanda bai sa hannu ba a bar ɗansa.

Ustazu na makarantar Faranko-Arab, Yamai:
Ba a taɓo maganar harshe ba sai da Hajiya ta kawo ta. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki, to bai dace a buɗe sabon shafi a Tawa da Faransanci kaɗai ba. Ina kuma tuna muku ɗaliban Larabci, waɗanda tun da aka buɗe madarasar Sayi a 1957 suke cikin tsarin makarantun gwamnati amma ake mantawa da su a irin wannan aiki. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, kuma idan wanda ya gina shafin bai tanadi haka ba, sunan littafi yakan wargaje, lambobi su koma inda bai kamata ba.

Malamin Faransanci, Tawa:
Ustazu, ban ƙi Hausa ba, harshen uwata ce. Amma takardar BEPC da ta BAC da Faransanci yaro zai rubuta su, kuma ɗakin karatu yana cikin ƴan wuraren da yake haɗuwa da harshen a wajen aji. Sannan jihar Tawa ba Hausawa kaɗai ba ne, muna da ɗalibai daga Abalak da Cintabaradan masu Tamajak da Fulatanci a gida. Fassara kowane shafi zuwa harsuna uku ko huɗu kuwa aiki ne da Malama ita kaɗai ba za ta iya ɗauka ba, ƙarshenta sashe ɗaya zai ci gaba, sauran su tsaya a labarin bara.

Ɗan Adar a Yamai, mai aikin kwamfuta:
Ba sai an fassara komai ba. Sunayen ƙofofi da sanarwa ga iyaye gajeru ne, a rubuta su da Hausa da Faransanci a layi ɗaya, kowane littafi kuma ya zauna da sunansa a harshen da aka rubuta shi, na Larabci da haruffan Larabci tare da umurnin da ke juya rubutun, wanda layi ɗaya ne a aikin gini. Inda za a yi hattara shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Wasu nau'o'in rubutu masu ado ba su da su, sai su fito a matsayin akwati, don haka a zaɓi Noto Sans ko Andika, duka kyauta ne. Wurin nema kuma dole ya gane cewa yaro zai buga k a madadin ƙ saboda bai girka allon buga haruffan Hausa a wayar ba, kuma littattafan da aka buga a Zariya ko Kano suna rubuta y mai ɗauri a gaba inda mu muke rubuta ƴ. A teburin Malama a ƙara gurbi ɗaya na sunan littafi ba lanƙwasa, matsalar ta ƙare.

Akwai kuma abin da nake so kwamitin ya duba saboda wuta da rezo. Mun ga yadda ƙasar ta kasance lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa a watan Agusta na 2023. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, faifan sola ɗaya da batir sun ishe ta, kuma tana iya watsa wifi a cikin ɗakin karatu ba tare da intanet ba. A zuba mata Kiwix, manhajar da ke ɗauke da Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa da Vikidia, a ƙara kwafin shafin makaranta da duk tsofaffin jarrabawa. Wanda ya shigo da waya ya kwashi abin da yake so ko dala bai kashe ba.

Baba Darakta mai ritaya, Tawa:
Wannan na ƙarshe ya fi kwanta mini, domin yana kawo yaro cikin ɗakin, inda zai ga kanta ya miƙa hannu. Amma har yanzu duk abin da kuka lissafa na ɗauka ne, yaro ya zo ya kwasa ya tafi. Me zai bayar? Jami'ar garinmu tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar, amma ku tambayi ɗan sakandare yadda sarautar Illela ta kafu ku ji shiru. Aikin farfaɗo da ƙasar noma na Keita da aka fara a 1984 tare da Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, matan da suka ɗauki duwatsunsa da yawa suna raye. Albasar Galmi ta kai kasuwannin bakin teku, manomanta suna nan kusa da mu. A ba kowane aji aikin zama da dattijo ɗaya a zango, su ɗauki muryarsa da izininsa, su rubuta shafi guda da Hausa da Faransanci, malamin tarihi ya duba, a sa a shafin. Cibiyar CELHTO ta tattara tarihin baka a Yamai irin wannan aikin take yi tun 1968 da manyan masana, ban ga abin da zai hana ƴan lise su yi nasu daidai ƙarfinsu ba. Idan za a yi haka, ni zan karanta rubutun kafin a wallafa, tunda lokaci nake da shi yanzu.

Malamar ɗakin karatu, Tawa:
Baba, na riƙe wannan alkawari, kuma zan faɗe shi gaban kwamiti ranar Asabar don kada a janye. Zan ƙara da ɗan gurbi inda ɗalibi zai rubuta layi biyar a kan littafin da ya karanta, da sunansa na farko da ajinsa kawai, ni zan tace kafin ya fito, yadda Hajiya ta nema. Kulob ɗin karatu zai riƙa canza littafin mako kowace Litinin, ni kuma sanarwa da jerin littattafai. Saƙon murya sai dai Hajiya ta samo mana wadda za ta riƙa yi, domin muryata ba ta da daɗin saurare. Abin da ban samu amsarsa ba shi ne wa zai duba amsoshin fizik da na kimiyyar halittu, tunda Mushe lissafi kaɗai ya ɗauka.

Mushen lissafi, Yamai:
Zan yi magana da abokan aikina biyu a nan, amma ba zan yi alkawari da bakinsu ba. Kafin nan Malama, ki turo mini jerin shekarun da kuke da takardunsu na asali, domin ba zan gyara abin da aka kwafo daga WhatsApp ba.

Ɗan Adar a Yamai, mai aikin kwamfuta:
Ni kuma a ɗauko mini hoton shafi uku na rajistar nan, Malama, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, in ga yadda aka rubuta ta kafin in tsara teburin. A rufe gurbin sunayen masu aro da takarda kafin a ɗauka.